Zaman karatun mujalla: zai gyara aikinmu ko ƙarin taro ne kawai?

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai na ce bari in fitar da ita. Shekarata shida ina aikin gyaran magana, kuma kusan duk yaron da aka kawo mini ba ya iya furta wasu haruffa, da busa nake fara masa. Ya busa usur, ya hura balan-balan, ya kashe kyandir, ya lashi zuma a leɓen sama. Haka aka koya mini, haka na ga na gaba da ni suna yi, an ce tsokar baki ake ƙarfafawa. Watan jiya na ci karo da bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana auna ingancinsa, ta fitar a 2015 kan irin wannan atisaye. Bayan duk lalubensu, nazari uku kacal suka samu da ya cika sharaɗi, yara 22 gaba ɗaya, kuma suka ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar da ta nuna yana gyara furuci.

Wallahi daren nan ban runtsa ba. Wata uwa nake ta tunawa da take zuwa daga wajen Giwa, goye da ƙaramin, riƙe da hannun babban. Wata biyar tana biyan kuɗin mota, yaron ya ƙware a hura balan-balan, amma har ranar da suka daina zuwa "tare" yake cewa maimakon "kare". Da na ɓata wannan lokacin a kan harafin kansa, ina sa shi ya ji bambancin k da t, ya gwada a kalma, ya gwada a jimla, ina ganin da ba haka labarin ya ƙare ba.

Shawarata ita ce mu fara zaman karatun mujalla, abin da ake ce wa janal kulob. Sau ɗaya a wata mu ɗauki takardar bincike guda, mu karanta, mu zauna mu tattauna ko za ta canza abin da muke yi. Mu kaɗan ne a Zariya, kowa yana aiki shi kaɗai a lungunsa. Me kuka gani?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina ciki, in za ku karɓi ma'aikatan jinya.

Tsohon Hannu:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, na ji zafin da kike ji. Amma bari in faɗi nawa. Na haura shekara ashirin da biyar a wannan aiki. Yaran da na sa busa ba sa ƙirguwa, da yawansu yau sun yi aure suna magana tar. Yanzu don wasu sun zauna a ofis a Turai sun ce ba su ga hujja ba, sai in zubar da abin da idona ya gani? Rashin gani ai ba shi ne rashin abu ba.

Na biyu, na ga irin waɗannan tarurruka da yawa. Wata na farko mutum goma sha biyar, na biyu shida, na uku sai mai kawo lemo. Ga layin marasa lafiya, ga rashin wuta, ga data ta yi tsada, takardun ma sai ka danna a ce kawo dala. Mu yi abin da za mu iya ɗorewa a kai.

Ɗan Samaru:
Ranka ya daɗe Baba, ni ba mai gyaran magana ba ne, a laburare nake aiki, amma a ba ni dama in sa baki. Mahaifina ya yi aikin gona a cibiyar binciken noma ta Samaru, tun ina yaro nake bin sa gonar gwaji. Abin da ba zan manta ba shi ne, ba a taɓa shuka sabon irin masara shi kaɗai a ce ya yi kyau. Sai an shuka tsohon iri a gefensa, ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ruwan sama ɗaya. Domin in damina ta yi kyau kowane iri zai yi yabanya, sai ka ɗauka irin ne alhali damina ce.

Yaro kamar damina mai kyau ne, Baba. Yana girma, yana jin magana a gida, bakinsa yana nuna da kansa. Kuma na tabbata ba busa kaɗai kuke sa su ba, kuna zama da su kuna maimaita musu kalmomi. To wanne ne ya yi aikin, busar ko maimaitawar ko girman? Idon mutum ɗaya, komai kaifinsa, ba zai iya raba waɗannan ukun ba. Shi ya sa ake raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan, a bar waɗancan ko a yi musu wani abu daban, sannan a gwada.

Batun kuɗi kuma akwai sauƙi fiye da da. PubMed, rumbun takardun binciken lafiya a intanet, kyauta ne, kuma takardu da yawa a ciki ana sauke su gaba ɗaya. Taƙaitaccen bayanin bitar Cochrane kowa na iya karantawa. Akwai speechBITE na Ostareliya, rumbu ne na binciken gyaran magana zalla, har maki suke ba gwaje-gwaje gwargwadon ingancin tsarinsu. Ƙungiyar masu gyaran magana da ji ta Amurka, wato ASHA, tana da taswirar hujjoji a shafinta. Mujallar matsalolin sadarwa ta Afirka ta Kudu ma a buɗe take. Ni zan ɗauki nauyin nemo takarda in tura ta nan kwana goma kafin zama.

Tsohon Hannu:
Misalin gonar nan ya shiga. Amma har yanzu ina nan a kan cewa gogewa ba abin yarwa ba ce.

'Yar Tudun Wada:
Baba, wallahi ba wanda ya ce a yar. Shi kansa David Sackett, likitan da ake kafa hujja da shi a batun yin magani bisa hujjar bincike, abin da ya rubuta a mujallar likitanci ta BMJ a 1996 shi ne likita nagari yana haɗa ƙwarewarsa da mafi ingancin binciken da ake da shi, kuma ɗaya ba ya wadatarwa in babu ɗaya. Na uku shi ne abin da mara lafiya da iyalinsa suke so kuma za su iya. Murhu ne mai duwatsu uku. Damuwata ita ce mu a nan a kan dutse ɗaya muka ɗora tukunyar. In babu irinku a zaman, mu ma za mu koma kan wani dutsen ɗaya, mu riƙa haɗiye duk abin da aka buga.

Mai Gashin Ƙashi:
Ku bari in ba ku labarin namu da ya mutu, don kada ku taka inda muka taka. A wani wurin da na taɓa aiki mun yi irin wannan zama kusan shekara guda. Ƙaramin ma'aikaci ake ɗora wa gabatarwa. Zai kwana yana haɗa silaid arba'in, ya zo ya karanto su daga farko har ƙarshe, rabin ɗakin na danna waya. Da ya gama sai manya su hau shi da tambayoyin ƙure, wani lokaci har a yi masa dariya. Na ga wata yarinya ta fita tana share hawaye saboda ta kasa bayanin wani lissafi da mai tambayar ma na san bai iya ba. Daga nan kowa ya fara neman uzuri. Kuma abin da ya fi ba ni takaici, cikin duk takardun da muka karanta ba zan iya nuna muku abu ɗaya da ya canza a ɗakin gashi ba. Ana zaɓo takarda ne don ta fito kwanan nan ko don gajera ce, ba don wani mara lafiyarmu yana bukatarta ba.

In za ku yi, ku fara daga mutum. Wani ya zo ya ce ina da dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ta ɗauke, 'ya'yansa na tambaya ko zuwa sau ɗaya a mako ya isa. Daga wannan tambayar a nemo takarda. A bar silaid. A zauna a da'ira, a bi tambayoyi kaɗan: su wa aka gwada, nawa ne, da wa aka kwatanta su, mai aunawar ya san rukunin da kowa yake ciki, mutum nawa suka gudu kafin a gama, bambancin da aka samu ya kai wanda iyali za su gani a gida? Akwai takardun tambayoyi na CASP daga Ingila, kyauta, sun tsara wannan tsaf. Kafin a tashi kuma a rubuta layi ɗaya: daga gobe me za mu fara, me za mu bari, ko kuwa ba mu gamsu ba. Wata mai zuwa a fara da karanta wannan layin.

Ɗan Samaru:
Wannan tambaya ta dattijo ma akwai amsarta a wani ɓangare. Bitar Cochrane ta 2016 kan ɗaukewar magana bayan shanyewar jiki ta haɗa gwaje-gwaje 57, mutum 3,002. Ta nuna gyaran magana yana taimakawa in aka kwatanta da rashinsa, kuma yawaita zaman na iya ƙara amfani, sai dai masu barin magani a hanya sun fi yawa a rukunin da aka matsa wa. Wannan ya isa zama guda cur.

Maman Biyu:
Ku yi haƙuri in shigo, ni uwa ce kawai, wata ce ta sa ni a wannan zaure saboda ɗana. Yana shekara huɗu in'ina ta kama shi. Surukata ta ce linzami ne, aka kira wanzami ya tsaga ƙarƙashin harshensa. Kwana uku yaron nan bai ci abinci ba sai kuka, in'ina kuma tana nan. Wani ya ce mu daina yi masa Turanci, harshe biyu ne ya rikita shi. Wata ta ce in ya fara maƙalewa in daka masa tsawa. Har wata ma'aikaciyar lafiya ta ce mini in bar shi kawai zai daina. Kowa da tasa, kuma kowa da tabbaci yake faɗa. Ni ban iya karanta takardunku ba, amma ina roƙonku da Allah ku zauna ku karanta, ku fito mana da magana ɗaya. Mu ne muke biyan kuɗin saɓaninku.

Malama Sabon Gari:
Allah sarki, Maman Biyu, Allah ya ba shi lafiya. Linzami ba ya kawo in'ina, harshe biyu ma ba ya kawo ta, tsawa kuwa ƙara wa yaro fargaba take. Gaskiya ne yawancin yaran da suka fara in'ina suna dainawa da kansu, amma ba duka ba, kuma ba a iya tabbatar da wanda zai daina tun farko, shi ya sa ake son a gan shi da wuri.

Amma ina so in ɗan goyi bayan Baba a wani waje. Ni malamar yara masu bukata ta musamman ce. An taɓa kawo mini rahoton wata yarinya 'yar shekara shida, an auna ta da gwajin furuci na Turanci, an rubuta cewa tana musanya p da f, tana kasa haɗa baƙaƙe a farkon kalma, tana cewa "sukul" da "buredi". Na karanta na riƙe baki. Wannan ai Bahaushiya ce, ba mara lafiya ba! Hausa ba ta bambanta p da f, kuma ba ma jera baƙi biyu a farkon kalma ba wasali. Abin da ya kamata a duba ba a duba ba: tana raba ƙ da k? Tana furta ɓ da ɗ da ts? Tana jan wasali inda ake ja? Karin sautinta fa? Gwajin da aka yi domin yaran Landan ba shi da gurbin waɗannan. To in za mu zauna mu karanta takardun Turawa mu zo mu kwafa, gara kada a fara.

'Yar Tudun Wada:
Malama, wannan ai shi ne dalilin zaman! Wanda ya rubuta rahoton nan shi kaɗai ya zauna da littafin gwajin. Da ya kawo shi gabanmu, da ke kin tare shi tun a shafin farko. Ni ina ganin tambayar ƙarshe a kowane zama ta zama ta mu ce: wannan zai yi aiki a gidan Bahaushe?

Bari in ba da misali da in'inar. Akwai tsarin Lidcombe da aka ƙirƙiro a Ostareliya domin yara ƙanana. An gwada shi a Niyu Zilan, aka buga a BMJ a 2005, yara 54 'yan shekara uku zuwa shida, aka raba su ta ƙuri'a, aka bi su wata tara. Waɗanda aka yi wa sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Hujja ce mai kyau. Amma ku dubi yadda ake yin sa: uwa ko uba ne zai zauna da yaro kullum na ɗan lokaci, in ya yi magana sumul a yaba masa a fili, jefi-jefi in ya maƙale a nuna masa cikin taushi. Na gwada da wata matashiyar uwa, ɗanta na fari ne. Sati uku tana dawowa tana cewa ta yi, ina ganin ba ci gaba. Da na ce ta yi a gabana sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ashe ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dube shi ta ce madalla a gaban uwar mijinta. Kunyar ɗan fari ce. Ba wata takarda daga Ostareliya da za ta faɗa mini wannan.

Tsohon Hannu:
To me kika yi?

'Yar Tudun Wada:
Na ce ta zo da ƙanwarta da ke zaune a gidan, na koya mata, ita ta riƙa yi. Yaron ya samu sauƙi sosai. Amma Baba, ni kaina ina tambaya: in goggo ko inna ce ta yi, ba uwa ba, har yanzu wannan tsarin da aka gwada ne, ko na canza shi? Kuma sauƙin nan, aikin ne ko damina ce, kamar yadda Ɗan Samaru ya ce? Ina so in sami mutanen da zan yi wannan tunanin tare da su.

Tsohon Hannu:
Irin wannan na sha gani. A gidajenmu kaka ce ta fi sakewa da jika, tana masa wasa, tana yabonsa ba kunya. Ni tuntuni kakanni nake nema in koya wa, ba tare da na san wani Lidcombe ba. Sai dai kaka tana da nata, in kika ce ta nuna masa ya maƙale, sai ta mayar da shi tsokana, "mijin nawa ya kasa magana", yaro kuma ya ji kunya. Sai an zauna da ita sosai.

Malama Sabon Gari:
Kun ga wannan bayanin na Baba? Babu shi a PubMed.

Ɗan Samaru:
Babu, kuma ba zai shiga ba sai mun rubuta shi. Likita William Osler ya kafa irin wannan zama a Montiriyal ta ƙasar Kanada a 1875, dalilinsa kuwa likitoci ba su da kuɗin sayen mujallu kowa nasa, sai suka haɗa kai. Talauci ne ya haife shi, ba wadata ba. Mu kuma a Zazzau karatun zaure ba baƙonmu ba ne, a buɗe littafi, a karanta layi, a tsaya a warware, ɗalibi ya yi tambaya.

Mai Gashin Ƙashi:
Da bambanci ɗaya dai. A zaure ba a ja da littafi. A nan kuwa ja da takardar shi ne aikin, kuma dole ƙarami ya iya cewa babba "ban gamsu ba" ba tare da an ɗauka rashin kunya ba ne. In ba a amince da wannan tun farko ba, zai mutu kamar namu. Ni shawarata shugabancin zama ya riƙa zagayawa, kuma ƙanana su fara magana kafin manya.

Tsohon Hannu:
Wannan mai wuya ce, amma na yarda. Ni zan yi magana a ƙarshe.

Anti Nas:
Tunda an ce a fara daga mara lafiya, ga tawa. Masu shanyewar jiki da yawa suna ƙwarewa in sun sha ruwa. Abin da muke cewa 'yan jinya shi ne a ba shi abu mai kauri, a dama kunu ko koko. Amma kaurin wa? Na wannan gidan kamar ruwa, na wancan cokali na tsayawa. Kuma kunun da aka dama da asuba, kafin ƙarfe goma ya huce ya zama wani abu daban. Akwai wani tsoho da 'yarsa ta hana shi ruwa kwata-kwata saboda tsoron abin da muka faɗa mata, cikin zafin watan Afrilu, leɓensa duk ya tsage, yana nuna randa da ido. Na tsaya a kansa ban san me zan ce mata ba. Shin kaurin nan yana hana ciwon huhu da gaske, ko muna musayar wata matsala da wata ne?

'Yar Tudun Wada:
Anti, kin taɓo babba. Abin da na karanta shi ne kauri yana rage shigar ruwa hanyar iska a lokacin da ake dubawa da na'ura, amma hujjar cewa yana rage ciwon huhu ba ta da ƙarfi, kuma akwai haɗarin mutum ya rage sha har ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Batun auna kauri kuma akwai ma'aunin duniya da ake kira IDDSI, mataki 0 zuwa 7, abin sha daga 0 zuwa 4. Gwajinsa ba tsada: sirinji mai cin mil 10, a cire allura da matsewar, a toshe bakin da yatsa, a cika, a saki na daƙiƙa 10, a duba abin da ya rage. In bai kai mil 1 ba ruwa ne zalla, 1 zuwa 4 mataki na ɗaya, 4 zuwa 8 na biyu, sama da 8 na uku. Sai dai ba kowane sirinji ba, tsawonsa daga sifili zuwa 10 ya zama milimita 61.5, don haka sai mun auna da rula.

Mu fara da wannan. Ɗan Samaru ya nemo mana bita guda kan kauri da ciwon huhu, mu kuma mu zo da kunun gyaɗa, kunun tsamiya da koko a filas, mu auna da zafinsu, mu sake aunawa bayan rabin awa.

Maman Biyu:
Iyaye fa? Za mu iya zuwa?

Mai Gashin Ƙashi:
Ni ina ganin a riƙa gayyatar ɗaya ko biyu in maganar ta shafe su, amma ranar ba za a kawo labarin wani mara lafiya da za a iya gane shi ba. Garin nan ƙarami ne, ana ambaton unguwa da ciwo wani ya gano gidan.

Malama Sabon Gari:
Ko babu iyaye ma kada a kama suna ko unguwa. Kuma duk abin da aka cimma a rubuta shi da Hausa, gajere, wanda za a iya tura wa uwa ta WhatsApp ko a karanta mata. Wannan ni zan yi. Maman Biyu, zama na biyu na in'ina ne in sha Allah, ke za ki fara magana.

Tsohon Hannu:
To 'yata, kin ci rabi. Ban bar busa gaba ɗaya ba tukuna, sai na karanta takardar nan ta 2015 da idona, Ɗan Samaru a turo mini, a buga a takarda don waya tana wahalar da idona. Ina da littattafan da nake rubuta bayanan yara tun farkon fara aikina, sun kai goma sha. Zan zauna in duba waɗanda na sa busa da waɗanda ban sa ba, in rufe sunaye, in kawo mu gani tare. Asabar ta farkon wata bayan La'asar ta yi mini, awa ɗaya, a tashi kafin Magariba.

Anti Nas:
Ta yi. Sirinji da rula suna wajena, kunun tsamiya ma ni zan dama. Wa zai kawo koko?

'Yar Tudun Wada:
Ni zan kawo, Anti. A zo da filas biyu, ɗaya mu bar shi a buɗe ya huce.